Daga ina kalmar sikila ta samo asali?

Malama, kin tambaya ko sikila Hausa ce, kuma ko ita ce amosanin jini. Cutar ɗaya ce, sunayen ne biyu. Sikila aro ce daga kalmar Turanci mai nufin lauje. A 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya wallafa rahoto kan jinin wani ɗalibi, wanda jajayen ƙwayoyinsa suka lanƙwashe kamar lauje maimakon su zama kewayayyu. A 1922 wani likita, Verne Mason, ya raɗa wa cutar sunan.

Lanƙwasar nan ce tushen wahalar. Ƙwayoyin sukan maƙale a ƙananan jijiyoyi, sai ciwon ƙashi ya taso. Ga saurin mutuwar ƙwayoyin, cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayyu kan kai 120. Shi ya sa jini ke yawan yin ƙasa.

A kula, rukunin jini daban, jinotayif daban: shi ne ke nuna ko mutum ya gaji sikila daga iyayensa. In masu AS biyu, wato masu ɗauke da gadon cutar ba tare da tana damunsu ba, suka yi aure, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai sikila. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare na bayansa. Ku yi gwaji a asibiti, likita ya fassara muku sakamakon.