Canza sunan guruf ɗinku na Daura

Malam ka ce kun sa wa guruf ɗinku na Facebook sunan masarauta har da tambarinta, wani lauya ya ce ku cire, ko dole ne? To ni dai shawarata ku canza kawai, tunda ba fada ce ta ba ku izini ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 akwai sashe na 22 kan sojan gona, ranar da wani memba ya karɓi kuɗin jama'a da sunan nan wallahi admin za a fara nema, ba ruwan kowa da cewa zumunci kuke. Ku sa irin "Zauren Matasan Daura", ku sauke tambarin, sannan ku yi sanarwa kar mutane su zata an yi kutse. Amma ku natsu wajen zaɓa, Facebook sai bayan kwana 28 yake bari a sake canzawa.