Tankin ruwan Porsche na yoyo: zan iya mayar wa mai sayarwa motarsa?

Tambaya daga wani mai karatu a unguwar Yantala, Yamai: "Na sayi Porsche Boxster ƙirar 2002 a wani wurin sayar da motocin hannu, miliyan 6 na sefa. Na biya 5, saura 1. Kwana 12 da saye, a hanyar Doso, fitilar ruwa ta fara ƙyaftawa, na kuma tarar da shimfiɗar wurin kaya na baya a jiƙe. Mai motar ya ce ciniki ya faɗa. An ce mini doka ta ba ni wata uku in mayar. Zan kai shi wurin ƴan sanda, kuma ba zan biya sauran kuɗin ba."

Malam, Allah ya sauwaƙe. Amma a fara gyara zancen wata ukun nan. Babu wata doka da ta ba mai sayen tsohuwar mota damar mayar da ita cikin wata uku don kawai matsala ta fito, sai fa idan an rubuta hakan a takardar cinikinku, wadda ban gani ba. Abin da dokar farar hula ta tanada shi ne lamunin ɓoyayyen aibi, daga kashi na 1641 zuwa gaba, kusan abin da malaman fiƙihu ke kira mayar da kaya saboda aibi. Sharuɗɗansa uku ne, kuma kai ne za ka kawo hujjarsu: aibin ya kasance ba ya ganuwa lokacin ciniki, yana nan tun kafin a sayar maka, kuma ya yi girman da da ka sani ba za ka saya ba, ko ba a wannan farashi ba.

A nan ne aikin bakanike ya riga na lauya, domin "yoyon ruwa" ba abu ɗaya ba ne. A wannan ƙirar ta Boxster, injin yana tsakiyar mota, lagireto suna gaba a bayan bamba, tankin ruwan kuwa na roba ne, yana gefen dama na wurin kaya na baya. In ya tsufa sai ya yi ruwan ɗorawa ya fara tsagewa, galibi ta ƙasa ko ta bayansa inda ido ba ya kaiwa, ruwan ya taru a ƙarƙashin shimfiɗa, wani lokaci ya ɗiga kusa da tayar baya ta dama. Abin da ka bayyana ya yi kama da haka. Ya yi kama ne kawai. Murfin tankin in ya gaji yana sakin tururi ya jiƙa wurin, haka ma zoben roba na bawul ɗin fitar da iska da ke saman tankin, ko tiyon da maɗaurinsa ya saki. Murfi kuwa ba abin zuwa kotu ba ne.

Ga abin da za ka nema a yi, injin yana sanyi, don ba a buɗe murfin da zafi. A ɗage shimfiɗar a ɗauki hoto kafin a goge komai. A cire murfi a ɗaura famfon gwaji, a hura iska har allurar ma'aunin matsi ta kai wajen bar 1, a jira minti 15 zuwa 20 a ga ko allura za ta sauka, ana haska ƙasan tankin da tocila da madubi. Murfin a gwada shi daban. Ƙaramar tsaga takan buɗe ne kawai in roba ta ɗau zafi, saboda haka in gwajin sanyi bai nuna komai ba, a zuba rinin da ke haske a ƙarƙashin fitilar UV (fitila ce ta musamman ta gano yoyo), a tuƙa kaɗan a sake dubawa. Sannan a yi gwajin hayaƙin inji a cikin ruwan, wanda ruwan gwajinsa shuɗi ne, yakan koma rawaya in hayaƙi na shiga. A duba kuma ko mai ya gauraya da ruwa ya yi kalar shayi da madara. Waɗannan biyun su ne ke raba ƙaramar magana da babba.

Abin da ya fi muhimmanci a wurin lauya shi ne busasshen ɓawon nan fari ko ruwan hoda da ruwan sanyaya inji ke bari. In ya yi kauri, ga tsatsa a ƙasan wurin kaya, da wuya a ce yoyon kwana 12 ne. In kuma aka sami gam a jikin tankin, ko lakar maganin toshe yoyo a cikin ruwan, to magana ta canza: wani ya san da matsalar ya rufe ta. Wannan na iya kaiwa ga yaudara a ciniki ta kashi na 1116, kodayake sai an nuna mai sayarwan ne ya yi ko ya sani, ba wanda ya riƙe motar kafin ta ƙetaro teku ba.

Kada ka gyara tukuna. Kada a cire tankin, kada a jefar da komai, kada kuma ka ci gaba da hawa kana ƙara ruwan famfo. Da zafin Yamai, in injin ya ƙone bayan ka ga fitila ta gargaɗe ka, abu na farko da lauyan mai sayarwan zai ce shi ne kai ka kashe shi, kuma zai yi wuya a musa. Ka sa huissier, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida a hukumance, ya rubuta shaidar abin da ya gani, ka gayyaci mai sayarwan a rubuce ya halarci dubawar ƙwararren masanin motoci, ka aika masa takardar gargaɗi. Hanya ce sananniya. Ka dai yi sauri, don kashi na 1648 ɗan gajeren lokaci ya ambata na shigar da ƙara, alƙali ne ke auna shi.

Yanzu a ce an tabbatar tankin ya tsage tun kafin ciniki. Ko a nan ba na maka alkawari. Mota ce da ta haura shekara 20, kuma alƙali zai iya cewa tsufan roba lalacewa ce ta yau da kullum da duk mai sayen tsohuwar mota ya kamata ya sa ran gani. Zai kuma tambaya ko ka je da bakanike, domin kashi na 1642 ya cire aibin da mai saye zai iya ganowa da kansa. Ɗage shimfiɗa ba wani aiki ba ne mai wuya. A ɗaya gefen, "ciniki ya faɗa" da mutumin naka ke ta maimaitawa ba hujja ba ce. Kashi na 1643 ya ɗora masa alhakin aibin ko da bai san da shi ba, sai in an rubuta babu lamuni, kuma wanda sana'arsa ce sayar da motoci kotuna sukan ɗauka ya san kayansa, ba ya samun fakewa da irin wannan sharaɗi cikin sauƙi. Zaɓin da kashi na 1644 ya ba ka biyu ne: ka mayar a ba ka kuɗinka, ko ka riƙe a rage maka farashi. Don tanki kaɗai, na biyun ne ya fi kusa da hannu. Na farkon sai in an sami hayaƙi ko mai a cikin ruwa.

Batun ƴan sanda ka ajiye shi. Rikicin ciniki ne, kuma zargin zamba ba tare da hujja ba yana iya juyowa kanka. Miliyan ɗayan ma kada ka riƙe ta da fushi kawai, bashi ce a kanka har yanzu. Ka rubuta masa cewa ka dakatar da biya har a gama dubawa, kuma kuɗin na nan a ajiye.

Wannan miliyan ɗayan ce ma za ta sa ya zauna da kai. Ka samo ƙiyasin gyara a rubuce: tanki na asali, don na kwaikwayo ba sa daɗewa, sabon murfi, na'urar auna ruwa, ruwan sanyaya inji da ya dace rabi da rabi da tataccen ruwa, da ladan aiki, wanda ba kaɗan ba ne saboda tiyoyin da ke bayan tankin suna da wuyar kaiwa, ga fitar da iska daga bututun da suka taso tun daga gaba. Ku zauna gaban shugaban ƴan kasuwar wurin ko wani mai shiga tsakani da kuka yarda da shi, a cire wannan adadi daga bashin, a rubuta, kowa ya sa hannu. A cikin takardar a bayyana cewa sulhun ya shafi tankin ne kawai, don kada ka yafe haƙƙinka kan injin in wani abu ya fito daga baya.