Tambaya da Amsa: Wane Zare Ya Dace da Falmaran Mai Ciko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana direban babbar mota ne, yana jigilar kaya daga Kumasi zuwa Bawku, kuma sanyin asuba na hunturu yana kama masa ƙirji. Ina son in saƙa masa falmaran mai ciko, amma a kasuwar Kejetia an nuna mini zaren akirilik, wato zaren roba, da na auduga da wani mai tsada da aka ce ulun merino ne. Wanne zan saya? Daga wata mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. A irin wannan riga, ciko da shafi su ne masu tare sanyi, domin duk yadda saƙa ta matse, iskar hunturu sai ta ratsa ta. Abin da za ki nema a wurin zare shi ne ya jure wanki, ya kuma koma yadda yake idan an ja shi.

Auduga zalla ki bar ta, domin tana shan gumi ta daɗe ba ta bushe ba, kuma nauyin ciko zai sa kafaɗun rigar su saki. Merino kuwa ulun wasu tumaki ne waɗanda asalinsu daga Sifaniya suke, ko da yake yanzu Ostareliya ce ta shahara da kiwonsu. Yana da laushi ƙwarai, yana kuma tsotse danshi har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba. Sai dai idan aka cuɗa shi da sabulu a ruwan zafi, yakan dunƙule ya tsuke har abada, alhali rigar direba, wadda ke shan jar ƙura da baƙin mai, ba a lallaɓa ta wajen wanki. Ga shi kuma asu yana cin sa a ma'ajiya.

A ganina, ki nemi zaren da aka haɗa akirilik da ulu. Idan babu, akirilik kaɗai ya wadatar, amma ki ja wa maigida kunne kada ya matsa kusa da wuta wajen jin ɗumi a tasha, domin akirilik narkewa yake yi ya manne a fata. Da wannan halin nasa ma za ki gane gaskiyar mai sayarwa: ki tsinki ɗan guntu ki kyasta masa ashana. Ulu na gaske yana ƙaurin gashi ya bar toka mai murmushewa, akirilik kuwa yana dunƙulewa ya zama baƙin ƙwallo mai tauri.

Ki sayi zaren gaba ɗaya a lokaci guda, ki duba lambar rini a takardar kowane ƙulli ta zama iri ɗaya, don kada gaban rigar da bayanta su bambanta. Kafin ki fara, ki saƙa ɗan gwaji mai santimita 10 kowane gefe, ki wanke shi, ki sake aunawa. Shafin da cikon kuwa tela ya fara ɗinke su tare, bayan an wanke yadin ya gama tsukewa, sannan ki haɗa su da saƙar da ɗinkin hannu a wuya da hammata da gindin rigar.