Tarbiyya takan bi mutum har Legas ne, ko a gida take tsayawa?

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka sauka Agege babu mai sa maka ido, har ka fara shakka ko kirkinka na gida tsoron mutane ne kawai.

A ganina wani ɓangare nasa tsoron ne, kuma ba laifi ba ne. Yaro yakan bar ƙarya da farko don gudun faɗan iyaye. Idan ya daɗe a haka sai abin ya zama jiki, har ya riƙa cewa "ni ba na yin haka". Daga nan ba mai tsaro yake buƙata ba, shi da kansa yake jin nauyi. Manzon Allah (SAW) ya ce idan ba ka jin kunya ka aikata abin da ka ga dama.

Je ka kasuwar kayan gwari ta Mile 12 a Legas ka gani. Manomi a Kano ko Katsina zai loda tumatir da albasa a mota, ya aiko wa dillali, alhali shi manomin ba zai ga cinikin ba. Farashi yana sauyawa tsakanin asuba da hantsi, kaya suna lalacewa a hanya, don haka dillali na iya faɗin duk kuɗin da ya so. Wanda ya faɗi gaskiya, har ranar faɗuwa, shi ake sake aiko wa baɗi. Wanda ya saba rage kwando ɗaya kuwa, wallahi abin tausayi ne, don a hankali yakan daina yarda da kowa, har yaran shagonsa.

Shawarata, ka kama sallar jam'i a masallacin unguwarku, ka kuma nemi dattijo ɗaya cikin 'yan kasuwarku wanda zai iya ce maka ka yi kuskure.