An ƙara mini girma a wurin aiki, amma hankalina bai kwanta ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 38, ma'aikacin gwamnati ne ni. Ƙarin girman da na daɗe ina nema ya zo, amma murnar ba ta daɗe ba. Albashi kan ƙare kafin 20 ga wata, kuma ban san abin da nake so ba, in ban da muƙami na gaba. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A ganinmu damuwar taka guda ce: ba ka taɓa yanke wa kanka adadin da ya ishe ka ba. Wanda bai san wannan adadin ba, kowane ƙarin albashi sabuwar buƙata yake haifar masa.

Sami littafi ka rubuta duk abin da ka kashe na wata biyu, har kuɗin kati. Raba shi gida uku: larura, wato abinci, haya, makaranta da magani; haƙƙin iyaye da 'yan uwa; sai abin da ka kashe don idon mutane, irin su anko, sauya waya da gudummawar biki fiye da ƙarfinka. Gida na ukun nan ne zai nuna maka wanda kake tsoron bakinsa. Mutane da yawa kan watsar da rubutun a mako na biyu saboda kunyar abin da suka gani, alhali a nan amfanin yake. Kowane dare kuma ka ƙara layi ɗaya: wane aiki ka yi yau da zuciya ɗaya, wanne ka yi don dole?

Haɗa larura da haƙƙi, shi ne adadinka na wata. Ranar da kuɗin da ke shigo maka ta wata hanya ban da albashi suka kai wannan adadin, ka fita daga ƙangin jiran ƙarshen wata.

Fara da biyan bashi, musamman na manhajojin lamuni. Sannan ka tara kuɗin wata shida na ko-ta-kwana, ta hanyar umartar banki ya cire kashi 10 cikin 100 ranar da albashi ya shigo. Adashi yana koyar da horon kai amma ba ya haihuwa, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, don haka kuɗin da ke kwance narkewa yake yi. Abin da ya ƙaru a kan na ko-ta-kwana, duba Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato tsarin zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda aka fara a 2017 kuma ana shiga da naira 10,000. Duk mai alƙawarin ninka kuɗi a wata ɗaya, tuna yadda MMM, wata harkar ninka kuɗi ta intanet, ta ruguje da kuɗin jama'a a 2016, ka bincika ko yana da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari.

Kada ka ajiye aiki tukuna. A tsarin dokar fansho ta tarayya ta 2014 ana cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Nemi bayanin asusunka na fansho ka tabbatar kuɗin suna shiga. Kuma ka kula, kundin tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, in ban da noma. Idan ajiyarka ta kai nisabi kuma ta shekara, sai ka fitar da zakka, kashi 2.5 cikin 100.