Awa shida kawai nake da su a sati, in tara su ne ko in raba?

Tambaya: Salam. Ina son in yi tafiyar kilomita 100 a keke nan da wata uku amma saboda aiki awa shida kacal nake samu a sati. Abokina ya ce in tara su in buga rana ɗaya, wai haka ne jiki zai saba da nisa. Ya kake gani?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Don Allah kar ka tara, raba su. Shuka ba a ba ta ruwan sati guda a rana ɗaya, haka jiki yake, duk fitar da ka yi saƙo ne ga zuciya da tsoka cewa su ƙara ƙarfi, jini ya ƙaru, ƙananan jijiyoyin da ke kai iska cikin tsoka su yawaita, toh in ka aika saƙon sau ɗaya sannan ka yi shiru kwana shida, ga shi kwana biyu ko uku a ciki ma jinyar gajiya kake, ci gaban zai zo a hankali sosai kuma gwiwa ce za ta fara kuka.

Amma inda abokinka ya yi gaskiya shi ne akwai abin da gajeriyar fita ba za ta taɓa koya maka ba. Man da tsoka ke ajiyewa, wato gilaikojin, yakan kai mutum kamar minti 90 zuwa awa biyu in yana taka feda da ƙarfi, bayan nan ne ake gane wanda ya shirya. A nan za ka san ko sirdinka ya dace da kai, ko wuya da tafin hannu za su jure, ko cikinka zai karɓi abin da kake ci kana kan tafiya. Wanda bai taɓa wuce awa ɗaya ba bai san waɗannan ba sam.

Ni da ni ne: fita uku na awa ɗaya ɗaya a tsakiyar sati, sai doguwa ɗaya ranar hutu. In ba ka saba ba fara doguwar da awa ɗaya da rabi, kana ƙara minti 15 ko 20 duk sati har ta kai awa uku ko ta ɗan gota, a sati na huɗu kuma ka rage komai jiki ya huta. Ba sai ka yi 100 ɗin a tirenin ba, in ka iya 70 zuwa 75 ka sauko da sauran ƙarfinka, shikenan ka isa. Kuma duk tafiyar da ta wuce awa ɗaya da rabi ka riƙa cin abu mai sitaci ko suga, kamar giram 30 zuwa 60 a awa, da ruwa, tun kafin yunwa ta zo.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka mai da gajerun fitar nan tsere. Masanin motsa jiki Stephen Seiler da ke Norway ya bibiyi manyan 'yan wasan juriya ya ga kusan kashi 80 na atisayensu a sauƙaƙe suke yi. Gwajin mai sauƙi ne, in kana iya magana jimla cikakkiya ba haki, kana daidai. Fita ɗaya mai zafi a sati ta wadatar.

Tambaya: Ni mace ce, na fara hawa keke wata biyar da suka wuce. Kuɗina abu ɗaya za su saya, na'urar auna ƙarfin feda ko injin da ake ɗora keke a tuƙa a cikin gida?

Amsa: 'Yar'uwa tambayi kanki me ke hana ki fita. In duhu ne ko ruwan sama ko rashin lokaci suke cinye miki ranaku, sayi injin cikin gida, shi ne zai mai da fita biyu ta koma huɗu, minti 45 kafin a tafi aiki ma riba ce, sai dai ki haɗa da fanka don zufa ba kaɗan ba ce. Na'urar auna ƙarfi tana da kyau amma lissafi kawai take ba ki, ba ta ƙara miki ko minti ɗaya a kan keke, a matakinki agogon bugun zuciya ya isa. In kuma ciwon zama ne ke sauko da ke da wuri, ajiye duka biyun ki fara da wando mai soso da sirdin da ya yi daidai da faɗin ƙashin zamanki, a kuma duba miki tsayinsa.

Tambaya: Kullum ina yin minti 30 ba fashi. Zan iya kilomita 160?

Amsa: Malam harsashinka yana da kyau, amma ba yanzu ba tukuna. 160 ga mai matsakaicin gudu tafiyar awa shida zuwa takwas ce. Ka cire kwana biyu ka huta gaba ɗaya, lokacin da ka rage ka zuba shi a rana ɗaya, kana jan ta sannu sannu har ta kai awa huɗu ko biyar, ka ba abin wata huɗu aƙalla. In ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri a kan keke, ga likita kafin ka ƙara ko kilomita ɗaya.