Ku Tambayi Malamar Awo: An Sallame Mu, Me Zan Ba Shi?

Tambaya: Malama, ɗana mai wata 20 ya yi tamowa, muka yi mako 8 muna karɓar ledar gyaɗar nan a asibiti. Yanzu an sallame mu. Na ga ana sayar da ita a kasuwa, in riƙa saya masa? (Uwar yara uku, Daura)

Amsa: 'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya shi. Amma kada ki saya. Ledar nan magani ce, an yi ta don yaron da ma'aunin dantsensa ya shiga ja, wato ƙasa da santimita 11.5. Wadda kika gani a faranti rabon wani yaro ce aka karkatar, kuma ba ki san kwana nawa ta yi a rana ba.

Me ke cikinta ma? Gyaɗa, madarar gari, mai, sukari da bitamin. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996 da sunan Plumpy'Nut. Gyaɗa dai, wadda aka yi dala da buhunanta a Kano!

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne in sallami yaro, bayan wata uku a dawo min da shi ya koma gidan jiya. In tambaya, sai uwar ta ce koko zalla yake sha, alhali maigidan ya loda waken suyansa a mota ranar kasuwa, ya tafi abincin kaji. Shi ya sa a wurinmu ranar awo ba sikeli kaɗai muke fitarwa ba, har da tukunya. Kowace mace ta zo da ɗan abin da gidansu ya noma, mu dama a gindin darbejiya.

Ga haɗin, Tom Brown ake ce masa: gero ko dawa kwano 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Ki jiƙa waken, ki murje ɓawon, ki shanya, ki soya kowanne sama-sama, a niƙa tare. Ki tsince gyaɗa mai fumfuna ko ɗaci ki zubar, gubarta hanta take ci. Ki dama da kauri, kada ya tsiyaye daga cokali, ki sa ɗan manja da garin zogale. Ƙwai ɗaya in kazarki ta saka, na yaron ne, ba na mai shayi ba. Kuma kada ki yaye shi tukuna.

Ki kai shi awo duk wata. In kika danna bayan ƙafarsa yatsa ya bar rami, a ranar za ki koma asibiti.